An ce shiga kyauta ne, to su wa ke shiga?

Akwai abinda na taɓa gani da idona wanda har yau in ana wannan maganar shi yake fara faɗo min a rai. A bakin wani gidan tarihi ne, ranar hutu, an rubuta ɓaro-ɓaro a jikin allo cewa shiga kyauta ne. Wani bawan Allah ya zo da yaransa biyu, kana ganinsa ka san daga nesa ya taso, ya tsaya ya karanta allon, ya leƙa ciki ya ga daɓen sai sheƙi yake, ya ga mutane na tafiya a hankali hannu a baya ba mai ɗaga murya, sai ya sunkuya ya dubi takalminsa. Wallahi sai da ya dubi takalminsa. Sannan ya matsa kusa da mai gadi ya ce ƙasa-ƙasa, "Yallaɓai, mu ma an yarda mu shiga?" Mai gadin ya ce masa ai kyauta ne, ga shi nan a rubuce. Ya shiga ɗin, amma ko minti 15 bai yi ba ya fito, rabin lokacin ma a hana yaran taɓa abu da ce musu su yi shiru ya ƙare.

To a lissafin hukuma mutum 3 sun shiga, an ƙara su a alƙaluman shekara, shiri ya yi nasara kenan. Ni kuwa abinda na gani daban.

Bari in fara share hanya tukun, don in an ce al'adu hankalinmu kan tafi ne ga gadon iyaye da kakanni kawai. Su hukumomin birane in sun ce manufar al'adu, abinda suke nufi ya fi haka faɗi: laburare, gidajen tarihi, gidajen wasan kwaikwayo, kiɗa da waƙa, zane, fim, bukukuwan gari, makarantun koyon fasaha, da duk kuɗin da ake warewa don waɗannan su rayu. Kuma maganar ba ta nishaɗi kaɗai bace, tun 1948 sashe na 27 na kundin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kowa na da haƙƙin shiga cikin rayuwar al'adun jama'arsa da cin moriyar fasaha. A 2004 ma birane da dama sun taru a Basalona suka amince da wata takarda da ta ɗora wannan nauyi a wuyan hukumomin gari. A takarda dai komai tsaf.

Abu na farko da kowane magajin gari ke kai hannu gare shi shine kuɗin shiga, saboda shi ne mai sauƙin gani kuma shi ne mai daɗin sanarwa. Birtaniya ta cire kuɗin shiga manyan gidajen tarihinta na ƙasa ranar 1 ga Disamban 2001, birnin Faris ma a shekarar ya bar mutane su riƙa kallon kayan dindindin na gidajen tarihin da ke hannun hukumar birni kyauta. Kuma mutane sun yi tururuwa, a Ingila gidajen da a da ake biya yawan masu zuwansu ya ninka har da ɗoriya cikin shekara 10. Ni ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, kada wani ya fahimce ni a baibai. Matsalar ita ce da aka zo aka duba su waye ke zuwan, sai aka tarar kaso mai yawa na ƙarin daga waɗanda dama can suna zuwa ne, yanzu sun samu damar zuwa sau 4 maimakon sau ɗaya, sai kuma baƙi 'yan yawon buɗe ido. A 2015 wani kwamiti da jami'ar Warwick ta Ingila ta kafa ya fitar da rahoto cewa kashi 8 cikin ɗari na jama'a, waɗanda suka fi kowa kuɗi da ilimi, su ne ke cike aƙalla kashi 28 cikin ɗari na kujerun gidajen wasan kwaikwayo. Ka tuna fa waɗannan gidaje da kuɗin haraji ake tallafa musu, da kuɗin cacar ƙasa da aka fara a 1994, wadda talaka ba a baya yake ba wajen sayen tikitinta. Kaga kenan direban bas da mai share asibiti suna cikin masu biya wa babban lauya rangwamen kujerarsa, su kuwa ko hanyar wurin ba su sani ba.

Wannan ba sabon gano bane. A 1959 Faransa ta kafa ma'aikatar al'adu ta ba marubuci André Malraux, shi kuma imaninsa shi ne a ɗauko manyan ayyukan fasaha a kai su gaban mutane, da zarar ido ya gani zuciya za ta kamu da kanta, shi yasa ya shiga gina gidajen al'adu a garuruwa, na farko a Le Havre a 1961. Niyya mai kyau ce wallahi. Amma a cikin shekarun 1960 ɗin dai masanin zamantakewa Pierre Bourdieu da abokin aikinsa Alain Darbel suka bi gidajen tarihin Turai suna tambayar masu shiga, suka gano cewa abinda ya fi komai nuna ko mutum zai shiga ko ba zai shiga ba shi ne zurfin karatunsa da irin gidan da ya tashi, kuma da yawa daga leburorin da aka tambaya sun ce wurin coci yake tuna musu. Wato wuri ne na tsarki da tsoro, wanda akwai yadda ake tsayuwa da yadda ake magana, kuma ba wanda ya taɓa koya maka. Yaron da tun yana shekara 6 uwarsa ke riƙe masa hannu tana nuna masa zane tana ce masa kalli nan, shi in ya girma gidan tarihi kamar falon gidansu ne. Wanda bai samu haka ba, kamar an tura shi ɗakin jarrabawar da bai yi karatunta ba ne. Wannan gadon ba a ganinsa a aljihu, kuma cire tikiti ba ya taɓa shi ko kaɗan.

Sannan ga abubuwan da ko lissafa su ba a yi. Mai aikin dare da mai aiki biyu ba su da yammacin Asabar. Uwa mai goyo ba ta da wanda za ta bar wa yaro. In wasa ya tashi ƙarfe 11 na dare motar ƙarshe zuwa unguwarku kuma ta wuce tun 10 da rabi, to an riga an yanke maka hukunci tun kafin ka yi tunanin zuwa. Mai keken guragu da ya tarar da matattakala 20 a bakin ƙofa, kurman da ba a tanadar masa mai fassara da hannu ba, makahon da aka ce kada ya taɓa komai, duk waɗannan an rufe musu ƙofa alhali a buɗe take.

Maganar nisa ita ce ta fi sauƙin aunawa, kuma alƙalumanta na da ban takaici. Wani rahoto na 2013 a Ingila ya lissafa kuɗin da gwamnatin tsakiya ke kashewa kan fasaha, ya samu kusan fam 69 kan kowane mutum a Landan, sauran ƙasar kuwa bai kai fam 5 ba. A cikin birni ɗaya ma haka zancen yake, ka ɗauki taswirar kusan kowane babban gari ka sa ɗigo a kan gidajen tarihi da manyan dandali, zaka ga sun cunkushe a tsakiya inda haya ta fi tsada, gefen gari inda yawancin jama'a ke kwana kuwa fayau.

A nan ne biranen Kudancin Amurka suka burge ni, don su ba su tsaya jiran talaka ya zo tsakiyar gari ba. Bogota, babban birnin Kolombiya, ta gina manyan laburare a unguwanni a farkon shekarun 2000, ɗaya daga ciki mai suna El Tintal tsohon wurin tara shara ne aka mayar da shi gidan karatu a 2001. Sao Paulo ta Burazil a 2003, lokacin magajiyar gari Marta Suplicy, ta fara gina wasu cibiyoyi a unguwannin bayan gari da suka haɗa makaranta da laburare da ɗakin wasan kwaikwayo da wurin ninƙaya duk a harabar guda, 21 aka gina a zagayen farko, kuma hikimar ita ce iyayen da ke kawo yara makaranta kullum sun riga sun saba da ƙofar, ba sai sun tambayi mai gadi ko an yarda su shiga ba. Amma wanda ya fi yin suna shi ne Medelin na ƙasar Kolombiya, garin da a 1991 kaɗai aka kashe sama da mutum 6,000. Sergio Fajardo, malamin lissafi ne da ya zama magajin gari daga 2004 zuwa 2007, ya tsaya kan cewa gine-ginen da suka fi kyau a unguwannin da suka fi talauci ya kamata a yi su. Aka gina laburare 5 masu filin shaƙatawa a zagayen farko, ga kuma motocin nan masu tafiya a kan igiyar ƙarfe a sama da aka buɗe a 2004, waɗanda suka haɗa unguwannin kan tudu da jirgin ƙasan cikin gari. Ka duba yadda aka haɗa sufuri da karatu a tunani ɗaya, wannan shi ne abinda yawancin birane ke kasa yi, saboda ofishin al'adu daban, ofishin sufuri daban, kowa na harkar gabansa.

Sai dai fa labarin Medelin yana da ɓangaren da masu yabo ba su cika kawowa ba. Laburaren da ya fi kowanne suna, wanda aka buɗe a 2007 a unguwar Santo Domingo Savio har sarkin Sifaniya ya halarta, wanda hotonsa ya zagaye mujallun gine-gine na duniya kamar wasu baƙaƙen duwatsu 3 a kan tudu, bai yi shekara 10 ba jikinsa ya fara lalacewa, ruwa na shiga, aka rufe shi a 2015 ya yi shekaru a rufe. Yaran da aka ce musu wannan naku ne suka girma suna kallon kango. Ni wannan ya fi min ciwo fiye da a ce ba a gina ba tun farko, saboda mutanen da aka daɗe ana yi wa alƙawarin banza, in ka zo ka sa suka yarda da kai sannan abin ya ruguje, ka ƙara musu hujjar cewa dama ba da gaske ake ba. Kuma matsalar ta kowa ce, ɗan siyasa na son yanka zare a gaban kyamara, amma albashin ma'aikacin laburare da kuɗin gyaran rufi da sayen sababbin littattafai duk shekara ba wanda ke ɗaukar hotonsu, su ne kuma ainihin abin.

Yanzu ga inda nake ganin gizo ke saƙar. Duk abinda na lissafa zuwa nan an gina shi ne kan tunani ɗaya, cewa al'ada wani kaya ne da ke ajiye a wani wuri, wasu na da shi wasu ba su da shi, aikin hukuma ta ɗebo ta kai wa marasa shi. To wa ya ce ba su da shi? Ka shiga kowace unguwar talakawa a kowane birni na duniya, akwai samari 4 da suka matse a ɗaki guda sun liƙa katifa a bango don ta tare ƙara, da kwamfuta ɗaya tsohuwa da makirfo na aro, suna haɗa waƙar da gobe dubban mutane za su ji a waya. Akwai 'yan mata masu rubuta labari suna sakawa a intanet, akwai ƙungiyar mawaƙan wurin ibada, akwai dattijon da ya haddace tarihin unguwa kaf, akwai baƙin haure da ke taruwa suna raya harshensu. In mai bincike ya zo da takardarsa ya tambaye su ko sun je gidan tarihi ko gidan wasa cikin wata 12 da suka wuce, suka ce a'a, sai ya rubuta cewa ba sa shiga harkar al'adu. Alhali su ne ke yinta da hannunsu, ba tare da kwabon gwamnati ba.

Wanda ya fahimci wannan sosai shi ne Gilberto Gil, mawaƙin da ya zama ministan al'adun Burazil daga 2003 zuwa 2008. A 2004 ma'aikatarsa ta fito da wani shiri da ba ya gina komai, sai dai ya nemo ƙungiyoyin da dama suna aiki a unguwanni da ƙauyuka, masu kiɗa, masu rediyon unguwa, 'yan asalin ƙasa, a ba su kuɗi da kayan ɗaukar sauti da hoto su ci gaba da abinda suka ga dama. Shi da kansa ya kwatanta abin da tausa, wato ka nemo jijiyar da ke da rai ka danna ta jini ya gudana. Birnin Sao Paulo ma ya yi dokarsa a 2003 ta ba matasa masu ƙaramin ƙarfi tallafi kai tsaye, kuma babban abinda ya bambanta ta shi ne ba sai kana da kamfani ko ƙungiya mai rajista ba, kai da abokanka kun isa. Wanda bai taɓa neman tallafi ba ba zai gane girman wannan ba. Fom mai shafi 30, da harshen da sai wanda ya yi jami'a, a kawo rahoton akanta na shekara 3, a kawo shaidar asusun ƙungiya, a fara kashe kuɗi daga aljihu daga baya a biya ka. Babban gidan wasa na da ma'aikaci wanda aikinsa kenan daga safe zuwa yamma, cike fom. Su samarin nan 4 kuwa a shafi na 2 za su ajiye. Ba wanda ya ce musu kada su nema, tsarin ne kawai aka ɗinka daidai jikin wani. A Burazil ɗin ma tsugune ba ta ƙare ba, ƙungiyoyi da yawa sun shiga uku wajen kawo rasit da bayanin kashe kuɗi irin na manyan 'yan kwangila, wasu har aka ce su dawo da kuɗi, sai a 2014 aka yi dokar da ta sassauta.

Wani lokacin ma ba rashin tallafi bane kawai, hukuma ce da kanta ke taka wuyan abin. A Landan daga 2005 'yan sanda sun fito da wani fom mai lamba 696 da masu shirya wasan kiɗa za su cike kafin taro, a rubuta sunan mawaƙa na gaskiya da adireshinsu da irin kiɗan da za a yi, a farkonsa ma har da tambayar wace ƙabila ake sa ran za ta halarta. Kowa ya san su wa ake nufi, matasa baƙar fata ne da irin kiɗansu, an soke tarurruka da dama ta wannan hanya, kuma sai a 2017 aka jefar da fom ɗin bayan magajin gari Sadiq Khan ya sa an sake duba shi. A Niyok ta Amurka akwai dokar 1926 da ta hana rawa a wurin shaƙatawa sai da lasisi na musamman, wadda mutane da yawa ke ganin tun asali wuraren kiɗan baƙaƙen fata na unguwar Harlem aka nufa da ita, ita ma sai 2017 aka soke ta. Ka ga birni ɗaya, hannun dama na miƙa miliyoyi ga gidan kiɗan gargajiyar Turai don a jawo matasa, hannun hagu na rufe wurin da matasan suka gina da kansu. Shi yasa in ana maganar manufar al'adu ni nakan ce a duba ofishin lasisi da na 'yan sanda da na tsara gari, sau da yawa can ake yanke hukuncin gaske.

Niyok ɗin ta yi wani abu da ya kamata a yaba. A 2016 ta fitar da binciken ma'aikatan cibiyoyin al'adun da take ba kuɗi, aka ga kusan kashi 62 cikin ɗari farar fata ne a garin da farar fata ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba, kuma in ka hau sama wajen manyan kujeru abin ya fi haka tsanani. Da ta fitar da tsarinta na al'adu a 2017 sai ta ce manyan cibiyoyin da ke zaune a kan filayen birni su kawo shirinsu na gyara wannan, kuma za a duba shi wajen ba su kuɗi. Dalilin da yasa wannan ke da muhimmanci a bayyane yake, wanda ke zaɓar abinda za a rataye a bango da wasan da za a nuna, daga rayuwarsa yake zaɓa, in duk masu zaɓen daga unguwa ɗaya da makaranta ɗaya suka fito to gari guda zai riƙa kallon kansa ta madubin mutane ƙalilan. Kafin nan a 2015 sun fito da katin shaidar zama ɗan gari wanda ko marar takardun zama na iya samu, kuma yana ba mutum rajistar shekara guda kyauta a cibiyoyi sama da 30.

Na san akwai masu cewa, to in aka bar wa jama'a zaɓi ina makomar inganci, ai ƙwarewa gaskiya ce, kuma akwai fasahar da ba za ta taɓa tara jama'a ba amma asara ce a bari ta mutu. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya kuma ban raina ta ba. Ƙungiyar makaɗa 80 ba ta rayuwa da kuɗin tikiti, zanen da ya shekara 500 yana buƙatar ƙwararren da zai kula da shi, kuma ɗan talaka ma yana da haƙƙin ya ji wannan kiɗan ya ga wannan zanen, raini ne babba a ce masa kai tsaya a kan na unguwarku ya ishe ka. Abinda nake ƙi shi ne a ce kaso mafi tsoka na kasafi ya riga ya tafi ga manyan gidaje 5 ko 6 tun kafin a zauna, saboda haka aka gada, sannan ɗan guntun da ya rage a sa ƙungiyoyi 300 su yi kokawa a kansa duk shekara, su ba su da tabbacin baɗi, manyan kuwa ba a taɓa tambayarsu su kare kansu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in da gaske ake to a ba mutanen unguwa kujera a teburin rabon, da ƙuri'a mai aiki. Porto Alegre ta Burazil ta fara barin jama'a su yanke yadda za a kashe wani kaso na kasafin gari tun 1989, Faris ta ɗauka a 2014 da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ayyukanta. Shi ma yana da nasa ramin, don wanda ke da lokacin zuwa taro da bakin magana shi ke rinjaye, sai an bi mutane har inda suke an kuma biya su lokacinsu.

Su kuwa manyan ayyukan nan na jawo ido, ba zan daɗe a kansu ba. Tunda Bilbao ta Sifaniya ta buɗe gidan zane-zane na Guggenheim a 1997 baƙi suka cika garin, kowane magajin gari ke mafarkin nasa. Wannan manufar yawon buɗe ido ce da kasuwar filaye, ba laifi bane a yi ta, amma a daina kiranta maganin rashin daidaito. Tun a 1990 da Gilasgo ta Birtaniya ta zama birnin al'adun Turai wasu marubuta da 'yan ƙwadago na garin suka tashi suna cewa ana goge tarihin ma'aikata ne don a sayar wa baƙi sabuwar fuska. Kuma kowa ya san yadda take ƙarewa, masu zane su shigo unguwa mai arha, wurin ya yi suna, haya ta tashi, tsofaffin mazauna su tattara, daga baya masu zanen ma su bi su. Haka katin kuɗin sayen kayan al'adu da aka fara ba matasa masu shekara 18, Italiya yuro 500 a 2016, Faransa yuro 300 a 2021, Sifaniya 400 a 2022, Jamus 200 a 2023, yana da daɗi kuma yara sun sayi littattafai da shi sosai, sai dai yawanci abinda mutum ya riga ya sani yake ƙara saye, kuma in babu kantin littafi ko silima a kusa da kai katin bai gina maka ko ɗaya ba.

Abinda ke hana ni barci a wannan harka shi ne saurin rushewarta. Birtaniya ta rasa laburare kusan 800 tsakanin 2010 da 2019 saboda tsuke bakin aljihu, kuma laburaren unguwa shi ne wuri ɗaya tak da talaka ke shiga ba tare da ya dubi takalminsa ba, ya zauna awa 5 ba wanda zai ce ya sayi wani abu, yaro ya yi aikin makaranta, marar aiki ya cike takardar neman aiki a kwamfuta. Majalisar birnin Bamingam ta ayyana cewa asusunta ya karye a Satumban 2023, ta yanke rabin tallafin cibiyoyin fasaha a shekarar farko, a ta biyu ta ce gaba ɗaya. In irin haka ta faru babban gida na da attajiran da zai kira a waya da 'yan jaridar da za su yi masa kuka, abinda zai fara yankewa kuma shi ne sashen da ke zuwa makarantu da unguwanni, saboda dama a gefe aka liƙa shi da kuɗin shekara ɗaya-ɗaya. Ƙaramar ƙungiya kuwa shiru za ta mutu ba wanda zai ji.

Barlin ta fara wani shiri a Yulin 2021, Lahadin farko ta kowane wata gidajen tarihi da dama kyauta, ba kuma buɗe ƙofa kawai suka yi ba, sun haɗa da shirye-shiryen yara da zagayawa da baƙi cikin harsuna daban-daban, iyalai suka riƙa yin layi tun safe. Irin wannan sabon yana ɗaukar shekaru kafin ya kama, sai mutum ya zo sau ɗaya a ɗarare, ya dawo na biyu da maƙwabcinsa, a na biyar ne yaransa za su fara jan hannunsa suna nuna masa hanya. A ƙarshen 2024 gwamnatin birnin ta zaftare kusan yuro miliyan 130 daga kasafin al'adu na 2025, kuma wannan Lahadin tana cikin abubuwan da aka fara sokewa. Ta ƙarshe an yi ta ne ranar 1 ga Disamban 2024, shiri bai cika shekara 4 ba.